Kujerar Masu Rakiya

Zuwa ga Shugaban asibitin da ke aikin baki da na'urar leza, a nan birnin Wagadugu.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da dukan masu aiki a ƙarƙashinka, ina neman ka ba ni hankalinka na ɗan lokaci. Ban ambaci sunan asibitinka ba, kuma ba zan ambata ba. Kai ka san shi, matan Zongo ma sun san shi, sauran jama'a kuwa labarin ya ishe su. Na rubuta da Hausa, ko da yake ina iya rubuta maka da Faransancin da ba za ka sami abin gyarawa a ciki ba. Na yi haka ne domin matan unguwarmu su ji abin da na ce. A cikin masu gadinka akwai ɗan Zongo, zai fassara maka. Na lura a asibitinka an saba da isar da magana ta bakin wani.

Sunana Zulaihatu. Na haura shekara saba'in. Kakana falken goro ne da ya sauke kaya a wannan gari bai sake ɗauka ba. Ina cikin 'yan matan Zongo na farko da aka kai lakwal, wato makarantar boko, na zama malama, na riƙe makarantar firamare a unguwar Ouidi har na yi ritaya. Mijina ya rasu da daɗewa. Tun daga lokacin ni nake zuwa karɓar fanshona, ni nake jayayya da masu karɓar kuɗin ruwa da wuta, ni nake kai kaina duk inda zan je. Da la'asar ina koya wa matan unguwa karatu a zauren gidana. Na faɗi wannan duka domin ka san wadda ta zo ƙofarka, tunda a ƙofar ba wanda ya tambaya.

An haife ni da wani ƙullutu a cikin leɓena na ƙasa, ta gefen hagu, baƙi mai ratsin shuɗi, kamar nunanniyar ɗinya. Ranar sunana wanzami ya gan shi ya zaro aska, kakata ta riƙe masa hannu ta sallame shi. Haka na girma da shi. Ba ya ciwo. Idan na yi sujada sai ya cika ya yi tauri, idan na ɗago sai ya saki. Ɗalibaina suna kirana Madam Ɗinya a bayan idona, suna zaton ban sani ba. Mun zauna lafiya ni da shi har bara, lokacin da haƙorin da ke kusa da shi ya tsage ya yi kaifi. Daga nan ya fara zubar da jini. Yakan zuba ina cin abinci, yakan zuba ina tsakiyar darasi, ya taɓa sa ni na yanke salla na wanke darduma. Wani likitan haƙori a Dassasgho ya goge kaifin haƙorin, amma ya ce ƙullutun ba na wuƙa ba ne, curin jijiyoyin jini ne, sai dai in je inda ake ƙone irinsa da haske. Shi ya turo ni wurinku.

Ga abin da ya faru, dalla-dalla.

Na farko. Na zo da sassafe ni kaɗai a cikin taksi. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta dubi mayafina da furfurata, ta kira ni Yaaba, wato kaka, ta fara yi mini Mosanci, harshen mutanen garin, da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, kamar yadda ake yi wa kurma. Na amsa mata da Faransanci. Ta tambaye ni ina akwampanyan ɗina, wato mai rakiyata. Na ce da ƙafata na zo, da ita zan koma. Ta ce dokar gidan ita ce ba a taɓa dattijo sai da mai rakiya. Na nemi ta nuna mini inda aka rubuta dokar. Ta nuna mini ƙofa, cikin ladabi.

A bakin ƙofar na tarar da direban da ya kawo ni bai tafi ba, yana cin wake da shinkafa a gindin bishiya. Bamoshe ne, sunansa Salfo, kuma sanina da shi bai wuce tsawon hanyar Zongo zuwa asibitinka ba. Na ɗauke shi haya na safiyar nan, ya wanke hannu ya biyo ni. Yarinyar ta tambaye shi mene ne tsakaninmu. Ya dube ni, ya dube ta, ya ce ai kamar uwa nake a gare shi. Ta rubuta shi ɗana. Ba ta nemi katinsa ba, ba ta tambayi ko ya san sunana ba. Da ta tambaya da ta gane bai sani ba. Ban ga laifin kaina a cikin wannan ba. An ce in kawo mutum, na kawo mutum.

Na biyu, kuma a nan yabo zan yi, domin ban saba tauye wa kowa haƙƙinsa ba. Likitar da ke riƙe da na'urar ta san aikinta. Ta sa mini baƙin tabarau don kare ido, ta yi mini allurar kashe zafi a leɓe, ta ɗora kan wani siririn abu kamar alƙalami a kan ƙullutun. Ban ji zafi ba. Na ji ɗan ɗumi da ɗan ƙauri. Ban ga jini ba, ba a yi ɗinki ba. Abin da na ɗauka a bakina tun ranar da aka haife ni, rabinsa ya motse kafin shayi ya huce a kofi. Likitar ta ce rabi kawai za ta taɓa a ranar saboda girmansa, sauran sai a zama na biyu. Ta ce ma'aikaciyar jinya za ta yi cikakken bayani a waje. Na yi mata godiya da rabin bakin da ke motsi.

Na uku. A waje akwai kujeru iri biyu, ka san su, ko da yake ina shakkar ka taɓa zama a kan ɗayansu. Akwai dogon benci a baranda, na majinyata. Akwai kujera mai hannu a cikin ofishin ma'aikaciyar jinya, ta masu rakiya. Aka zaunar da ni a benci, aka shigar da Salfo ofis, aka rufe ƙofa. Ta gilashin taga ina kallon ma'aikaciyar tana lissafa masa abubuwa da yatsunta, ta gama hannu ɗaya ta koma ɗayan. Shi kuma yana gyaɗa kai, idonsa na kan taksinsa da ya ajiye a inda bai kamata ba. Na tashi na ƙwanƙwasa. Ta leƙo ta ce Yaaba ta zauna ta huta, ana yi wa ɗanta bayani.

A cikin mota na tambayi Salfo abin da aka ce. Ya ce an ce in huta, in sha magani. Na ce yatsun da na gani sun fi biyu. Ya yi tunani tun daga shataletale har kwanar gidanmu, sannan ya ce akwai kuma wata magana a kan abinci, amma bai riƙe ko an ce in ci ne ko kada in ci ba. Ya sauke ni, ya yi mini fatan samun sauƙi, ya tafi. Yaron kirki ne. Ban sake ganinsa ba.

Na huɗu. Ban sani ba ko ka san yadda ake dubiya a Zongo. Ban gaya wa kowa zan je asibiti ba, amma kafin azahar unguwa ta ji. Mace ba ta zuwa dubiya hannu sake, kuma mara lafiya ba ya mayar da abin da aka kawo masa ba tare da ya ɗanɗana a gaban mai shi ba. Wannan ta kawo kunun tsamiya yana tururi. Waccan ta kawo farfesun kai da yajin da zai buɗe wa mutum hanci. Wata ta ɓare mini goro fari, ta ce jikar fatake ba ta warkewa sai da shi. Na kurɓa, na ɗanɗana, na tauna, kamar yadda tarbiyya ta tanada. Leɓena har lokacin bai gama farfaɗowa daga allura ba, don haka ban ji ƙunar kunun ba sai da ya gama aikinsa.

Washegari leɓen ya kumbura har ina hango shi ba tare da madubi ba. Wurin da aka ƙone ya yi fari fat, ya fara saɓa, gefensa na tsattsafar da jini. Matan suka duba suka yanke hukunci cewa ya ruɓe, hasken Nasara ya dafa mini nama. Ba tare da shawarata ba suka kira wanzamin unguwa, wanda jikan wancan ne da kakata ta sallama. Ya shigo da zabirarsa, ya duba, ya ce aiki ne na ɗan lokaci, zai tsaga ya fitar da mataccen jinin. Ina so ka tsaya a nan ka yi tunani, ranka ya daɗe. Ina zaune a ɗakina, bakina ya yi fari, ban san ko haka ya kamata ya yi ba, mata sun kewaye ni suna cewa in bari a taimake ni, mutum yana wasa aska a gabana. Ba ni da wata hujja da zan ba su, domin hujjar tana can cikin taksi tana yawo a gari. Na sallame shi ne kawai saboda kakata ta taɓa sallamar kakansa. Da a ce ni mace ce mai saurin jin magana, da wannan wasiƙa wani ne zai rubuta maka ita.

Na biyar. Na koma asibitinka da kumburarren leɓe. Ma'aikaciyar jinyar nan ta duba, ta tafa hannu, ta yi mini faɗa a gaban mutane kamar yadda ban taɓa yi wa ɗan aji ɗaya ba. Ta ce an hana ni abu mai zafi na sha, an hana ni yaji na ci, an hana ni abu mai tauri na tauna goro. Na tambaye ta wa ya hana ni. Ta ce an gaya wa ɗana. Na ce ba ɗana ba ne, direban taksi ne. Ta ce a wurinsu ɗana ne. Ta ba ni maganin kurkure baki, ta ce zama na biyu ba zai yiwu ba sai na zo da shi, tunda an ga abin da ke faruwa idan aka bar tsofaffi da kansu.

Saboda haka a halin yanzu ina da ɗa a asibitinka mai suna Salfo, wanda ban haifa ba, ban raina ba, ban san gidansu ba, kuma lafiyar bakina ta rataya a kan in nemo shi a cikin dukan korayen taksin Wagadugu.

Ɗan da na haifa kuwa, Mustafa, yana aiki a wata masana'anta a Kossodo. Labari ya kai masa cewa uwarsa ta ɗauki ɗa haya a bakin titi. Ya zo ya zauna a zaure, ya tambaye ni abin da ya yi mini. Bai yi mini komai ba. Na yi ƙoƙarin fahimtar da shi cewa ban je neman ɗa ba, na je gyaran leɓe ne. Har yau gaisuwarsa a taƙaice take. Wannan ma ina lissafa shi cikin abin da dokarka ta jawo mini, kuma ya fi kunun ƙuna.

Na shida, wanda shi ne dalilin wannan wasiƙa. Duk da kunu da farfesu da goro, rabin da likitarka ta ƙone ya warke. Fatar ta koma daidai, sai ɗan tabo da harshe kaɗai ke ji. Maƙwabciyata Ladi, mai sayar da atamfa, tana da irin wannan ƙullutu a gefen harshe, ta ɓoye shi shekara da shekaru. Da ta ga nawa ta yi sha'awa. Ita ma ta manyanta, 'ya'yanta kuma suna Abijan. Ta roƙe ni in raka ta, na raka ta.

Yarinyar teburin nan ce ta karɓe mu. Ta tambayi Ladi ina mai rakiyarta, Ladi ta nuna ni, yarinyar ta rubuta ni ba tare da ta ɗaga kai ba. Aka yi wa Ladi aiki. Aka zaunar da ita a benci. Ni kuma aka buɗe mini ƙofar ofis, aka nuna mini kujera mai hannu. Ma'aikaciyar jinyar da ta yi mini faɗa, ita ɗin dai, ta kira ni Madam. Ta yi mini bayani da Faransanci mai kyau, a natse, tana lissafawa da yatsu. Ta ce wurin zai yi fari, kada a tsorata, alamar hasken ya toshe jijiyoyin ke nan. Ta ce zai kumbura na 'yan kwanaki, saman zai saɓe, sabuwar fata ta fito daga ƙasa. Ta ce abinci mai sanyi da taushi, ban da zafi, ban da yaji, ban da goro, kuma kada a ci komai sai allurar ta sake. Ta ce idan jini ya ɓalle a danna da tsabtataccen ƙyalle a zo nan da nan. Ta ce ko da wasa kada a bari wanzami ya kusance shi, domin irin wannan curi idan aka tsaga shi jininsa ba ya tsayawa da sauƙi. Ta tambaye ni ko ina da tambaya. Ina da su, na yi, ta amsa duka. Da za mu fita ta ce da kowane majinyaci zai sami mai rakiya mai fahimta irina da aikinsu ya yi sauƙi.

Na tsare ƙofar Ladi da kaina. Duk kwanon da ya zo da tururi na karɓa na yi godiya na ajiye sai ya huce. Ladi ta warke ba kumburin kirki, ba jini, ba wanzami.

To, ranka ya daɗe, ga tambayar da nake so ka amsa mini. Matar da asibitinka ya ga ta isa a ba ta amanar harshen Ladi, ita ce matar da ya ga ba ta isa a ba ta amanar leɓenta ba. Shekarunta ba su ragu ba tsakanin zuwan farko da na biyu. Kunnenta ɗaya ne, mayafinta ma shi ne dai na ranar nan. Abin da ya canza kujera ce kawai. Na yi shekaru ina koyar da lissafi, amma wannan ban iya warware shi ba.

Ban ce rakiya ba ta da amfani ba. Wanda aka sa wa maganin barci yana bukatar mai riƙe shi. Yaro yana bukata, wanda hankalinsa ya raunana yana bukata, wanda ya ce yana so ma a bar shi ya zo da duk danginsa. Ladi ta yi mini tayin ta raka ni, Mustafa ma zai ajiye aikinsa ya zo idan na ce ya zo. Na gode musu. Amma idan suka zo, su za a shigar ofis, ni a bar ni a baranda ina kallon yatsu ta gilashi, kuma wannan zaman na riga na yi shi sau ɗaya.

Rabin ƙullutun yana nan. Jiya ma ya katse mini darasi, na tsaya da ƙyalle a baki mata suna jirana. An gaya mini likitar da ke riƙe da na'urar za ta tafi ƙaro karatu bayan damina, kuma ba a san wanda zai karɓe ta ba. Ba ni da lokacin da zan ɓata ina neman Salfo.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ina roƙon a yi mini zama na biyu kafin likitar ta tafi. Ina roƙon a cire Salfo daga cikin 'ya'yana, domin yana da uwarsa, kuma ban san yadda za ta ɗauki maganar ba. Ina roƙon ka umarci ma'aikatanka su riƙa yi wa mai bakin bayani, mai rakiya ya saurara a gefe idan akwai shi. Su tambayi dattijo harshen da yake ji kafin su ɗaga masa murya. Kuma idan za su yi wa ɗan Zongo bayani, su ambaci kunu da goro da wanzami da sunansu, su gaya masa abin da zai ce wa masu dubiya, domin a unguwarmu su ne ke ciyar da mara lafiya. Idan kana bukatar wanda zai tsara muku wannan bayani da Hausa da Mosanci, ina da alli da allo, kuma ba na karɓar lada.

Ban nemi a hukunta kowa ba. Yarinyar teburin da ma'aikaciyar jinyar abin da suka tarar suke yi. Da a ajina suka zauna da na koya musu su dubi fuskar wanda suke magana a kansa, amma ba su makara ba.

Ina sanar da kai cewa ranar Talatar da ke tafe zan zo da safe, ni kaɗai, da baƙin mayafin nan domin a gane ni. Idan aka tambaye ni mai rakiya, zan ce ita ce matar da ta raka Ladi, wadda ma'aikaciyarka ta yaba da fahimtarta. Idan an gama aiki zan zauna a benci kamar yadda doka ta ce. Da an buɗe ƙofar ofis an kira mai rakiya, zan tashi in shiga in zauna a kujera mai hannu, a yi mini bayani. Na yi alkawari zan isar wa majinyaciyar da shi ba tare da na rage ko kalma ɗaya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa albarka a hannun likitarka, ya kiyaye na'urarku daga ɗaukewar wuta. Allah ya ba ka tsawon rai har ka ga furfurarka ta cika kai, kuma ranar da za ka je asibiti da ƙafarka, ya haɗa ka da wanda zai dube ka ya yi maka magana.

Wassalam.

Malama Zulaihatu,
tsohuwar shugabar makarantar firamare,
Zongo, Wagadugu.